Tambayi Anti: Jakar nan mai madubi da wuri daga Indiya, aikin su waye?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tun bayan da muka saka hoton jakar nan ja mai ƙananan madubai a shafin ado na fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, wasu na tambayar inda ake sayarwa, wasu na tambayar ko aikin Fulani ne, wata ma cewa tayi kakarta tana da mai kama da ita. Na zaɓi guda huɗu da nake ganin amsarsu zata wadatar da sauran.

Tambaya: Anti barka da aiki, dan Allah ina da tambaya. Mamanmu taje jinyar ƙanenta a Bangalo ta ƙasar Indiya, ta dawo min da tsarabar jaka irin wadda kuka saka sak, ja da shuɗi ga madubai ga wuri a baki, mai shagon yace mata aikin Lambani ne. Ni na ɗauka sunan kamfani ne ko na gari, ƙawata kuma tace ai duk kayan Indiya haka suke da ƙyalƙyali. Wai menene Lambani ɗin? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata Allah ya ƙara wa kawu lafiya, ya saka wa Mama da alheri, gaskiya ta iya zaɓen tsaraba. Lambani ba kamfani bane kuma ba gari bane, mutane ne, ƙabila guda mai yarenta da al'adunta da irin shigarta. A jihar Karnataka inda Bangalo take ana ce musu Lambani, a Telangana da Andhra Pradesh ana cewa Lambadi ko Sugali, a Maharashtra da wasu wurare da yawa kuma Banjara, su dai a tsakaninsu suna kiran kansu Gor, yarensu kuma Gor boli, wanda ya fi kusa da yarukan Rajastan da Gujarat can arewa maso yamma fiye da yaren mutanen kudu da suke zaune cikinsu yanzu, shi yasa ake cewa asalinsu daga can suka gangaro.

Abin da ya gangaro dasu kuwa fatauci ne. Fatake ne na gaske, amma nasu ba da jakuna ko raƙuma ba, da takarkarai suke yi, su ɗora wa shanu gishiri da hatsi su keta daji wata da watanni da matansu da 'ya'yansu duk a tafe, har ma ana danganta sunan Lambani da tsohuwar kalmar gishiri ta can wato lavana. Tun zamanin Sarkin Delhi Alauddin Khalji wanda yayi mulki daga 1296 zuwa 1316 su ne ke kawo hatsi kasuwannin birni, daga baya sarakunan Mugal in zasu fita yaƙi kudu waɗannan mutanen ne ke bin runduna da abinci, Turawan Ingila ma da suka zo sun yi amfani dasu. Wani ɗan kasuwa Bature mai suna Peter Mundy ya rubuta cewa a shekarun 1630 ya haɗu da ayarinsu guda ɗaya mai shanu 14,000, ki tsaya ki ƙiyasta ƙurar wannan tafiya. Ayarin suna kiransa tanda, shugabansa kuma naik, kamar dai madugu a wajenmu, kuma har yau da suka zauna wuri ɗaya unguwanninsu dake gefen ƙauyuka tanda ake ce musu, kinga kamar yadda zango ya tashi daga masaukin fatake ya koma sunan unguwar Hausawa a Kumasi da Akara.

Jirgin ƙasa ne ya kashe musu sana'a. An fara jigilar mutane a jirgi a Indiya a 1853, kafin ƙarshen wannan ƙarni dogo da tituna sun ratsa ƙasar, kayan da takarkari zai yi wata biyu yana ɗauka jirgi ya kai a kwana biyu. Sai kuma abin da ya fi wannan ciwo, a 1871 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa wata doka da ta ba da damar a rubuta ƙabila sukutum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, an jefa mutanen nan a ciki a yankuna da dama, a taƙaita musu yawo a riƙa sa musu ido, ba a cire musu wannan tambari ba sai 1952 bayan samun 'yancin kai. Duk lokacin da na tuna wannan raina yana ɓaci wallahi, mutanen da suka ciyar da rundunarka ka wayi gari ka kira jaririnsu ɓarawo. Da yawansu sun koma saran itace da ƙwadago a gonakin mutane, har yanzu akwai masu fita cirani yankan rake da tsinkar kofi da aikin gini, duk da dai sun fitar da manyan mutane, Vasantrao Naik da ya jagoranci gwamnatin jihar Maharashtra daga 1963 zuwa 1975 ɗansu ne.

Toh ɗinkin nan da kike riƙe dashi shi ne abin da matan suka tsira dashi daga waccan rayuwar. Mace mai tafiya kullum bata da adaka bata da bangon ɗaki da zata jera kwanuka, duk dukiyarta da adonta a jikinta suke, sulallanta ta huda ta ɗinka a mayafi, tsohon zane in ya mutu bata yar dashi, ta yanka ƙyallaye ta haɗa ta bi da zare har ya fi sabo ƙwari. Cikakkiyar shigarsu kashi uku ce, faffaɗan siket mai nauyi da suke kira phetiya, 'yar riga kanchali wadda gabanta ke cike da aiki bayanta kuma igiyoyi ne, sai mayafi, ga awarwaro jere tun daga wuyan hannu har damtse, da na hauren giwa ne da ƙashi yanzu kuwa na roba. Yarinya tun tana ƙarama take zama gefen uwa da kaka tana koyo, domin kayan da zata tafi dasu gidan miji da hannunsu ake ɗinkawa, shekaru ana tarawa. Ko gammon ɗaukar tulu basu bari haka nan ba, suna masa aiki har da wani ƙyalle mai suna gala da ke saukowa ya rufe ƙeya.

Nima ina da guda ɗaya, irin wadda suke kira kalchi, ƙyalle ne mai kusurwa huɗu aka naɗo kusurwoyinsa kamar ambulan aka sa masa igiya, asali gurasarsu suke sawa a ciki ko kayan amarya. Yayata ce ta kawo min. Ranar da na juya cikinta na ƙirga ƙyalle kala biyar daban daban, ɗaya daga cikin 'yan ƙananan ƙyallayen nan masu siffar dala, wato masu kusurwa uku, dake baki ma ba irin sauran bane, ana gani an san jan ƙyallen ne ya ƙare mai ɗinkin ta cike da wani mai ɗan duhu, kuma nan nake fi kallo a duk jakar. Ki gaya wa ƙawarki ba duk kayan Indiya bane haka, ko aikin madubi ma kala kala ne, na matan Rabari dake yankin Kutch a Gujarat daban yake, na Lambani an fi gane shi da layi layi da murabba'i da dala, ba kasafai zaki ga fure ko tsuntsu ba, ja da shuɗi su ne gaba sai rawaya da kore su biyo.

Tambaya: Hajiya ina wuni. Ni tela ne, shekarata goma sha ina aikin wuyan riga da keke, yanzu kuma muna kai wa masu monogiram. Wata kwastoma ta nuna min hoton a waya tace in mata irinsa a hannun abaya. Ya ake kafa madubin nan baya faɗuwa, gam ake sawa ko huda shi ake? Kuma ina bambancinsa da aikin babbar riga namu? Daga wani tela a Damagaram.

Amsa: Malam lafiya lau, Allah ya ƙara kasuwa. Ba gam kuma ba huji, zare ne kawai ke riƙe dashi. Zaka ɗora madubin a kan ƙyalle ka danne da babban yatsa, ka ja zare biyu a tsaye ta samansa biyu a kwance suna sarƙe da juna kamar ka masa keji, toh daga nan sai ka fara zagaye bakinsa da irin ɗinkin da ake wa gidan maɓalli, kowane ɗinki allura ta kamo zaren kejin nan ta kamo ƙyalle, a hankali zaren kejin zai riƙa ja baya zuwa gefe, tsakiya ta buɗe madubi ya fito fes, bakinsa kuma ya shige cikin zobe na zare. Sirrin yana wajen ɗaurin farko, in kayi shi sakwa sakwa ko ka kai shi can bakin madubi toh wanki ɗaya zai zame. Na gwada da kaina, na farko da na biyu duk sun zame, sai da na matso da zaren ciki sosai sannan ya zauna.

Bambanci da namu kuwa babba ne. Aikin babbar riga, aska biyu ne ko aska takwas ko tambari, sai mai zane ya fara zana shi a kan yadi sannan mai ɗinki ya bi, kuma tun asali aikin maza ne duk da matan Zariya sun shigo shi sosai daga baya. Nasu na mata ne zalla kuma basa zane, ba fensir ba takarda, ido ne da ƙirgen zaren saƙa, uwa ta nuna wa 'ya. Sannan mu yadi ɗaya muke ɗauka mu masa ado, su kuwa gina yadin suke, a ɗinka tsiri tsiri daban, wannan na madubi wannan na zare zalla, sannan a harhaɗa. A yankin Sandur ana lissafa musu irin ɗinki wajen 14 kowanne da sunansa, akwai vele wanda ɗinkin sarƙa ne ake jera shi layi kusa da layi har ƙyallen ƙasa ya ɓace gaba ɗaya, akwai bakiya mai komawa baya, akwai maki da nakra da relo da sauransu, sai kuma kangura, 'yan ƙyallayen nan da ake naɗewa su zama dala dala a jera a baki kamar haƙoran zarto, wannan kam kai tela hannunka zai kama shi da wuri. Shuɗin da suke amfani dashi a da na baba ne, irin dai wanda ake rini dashi a karofin Ƙofar Mata a Kano, yanzu galibi zaren kanti ne, ko da yake akwai masu komawa rinin gargajiya.

Kayi wa kwastomarka, koyon aikin hannu ba laifi bane, dama haka sana'a take yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Roƙona ɗaya ne, kar ka ce mata aikin Lambani ka mata, kace kwaikwayo ne ka faɗi kuɗin aikinka. Dalilina shi ne sunan nan yana da masu shi. Sandur ƙaramin gari ne a gundumar Ballari ta Karnataka, ƙasar ma'adinin ƙarfe da manganis, a nan aka kafa wata cibiya mai suna Sandur Kushala Kala Kendra a 1984, ta tattaro matan tanda tana basu yadi da zare suna aiki ana biyansu, aka juya ɗinkin daga kayan jikinsu kaɗai zuwa jakunkuna da rigar filo da zanen bango da sari, wato zanen da matan Indiya ke naɗawa a jiki. A 2010 gwamnatin Indiya ta yi wa ɗinkin Lambani na Sandur rajistar asalin wuri, irin shaidar da aka ba ganyen shayin Darjeeling, ma'ana ba kowa ne zai buga abu a inji ya liƙa masa wannan suna ba. A watan Yuli na 2023 kuma lokacin taron al'adu na ƙasashen G20 a Hampi, tsohon birnin daular Vijayanagara da bashi da nisa da Sandur, mata sama da 450 suka baje aiki guda 1,755 a wuri ɗaya har ya shiga kundin bajinta na Guinness. Amma duk da wannan suna, matar da ta kwashe kwanaki a kan hannun riga ɗaya tana gasa ne da injin da zai fitar da ɗari kafin azahar, madubin roba zaren roba, kuma 'yan matansu da yawa sun koma sari da sauran kayan zamani saboda shigar gargajiyar tana da nauyi ga cin lokaci, sai biki ko a jikin tsofaffi ake ganinta. Kai da kake kai aiki wajen masu monogiram ka fi ni sanin yadda masu aikin hannu na garinku suka ji a jikinsu.

Tambaya: Anti ni matsalata daban ce. Mijina ya sayo min irin jakar nan a Dubai, surukata na ganin wurin dake jiki tace in cire ko in ƙona, wai kayan bori ne da tsafi, gashi kuma daga ƙasar masu bautar gumaka ta fito. Bana son saɓa mata amma ina son jakata. Ya zanyi? Daga wata amarya a Katsina.

Amsa: Amarya Allah ya ba da zaman lafiya. Kar ki ga laifin Hajiya, a zamanin da ta taso an riga an daina ciniki da wuri, inda ya rage ana ganinsa sai wajen 'yan bori da masu duba da layun 'yan dambe, dole ranta ya kawo mata haka. Amma wuri kuɗi ne tun fil azal, kalmar kuɗi ɗin ma da muke faɗa kullum jam'in wuri ce, shi yasa har yau mutum zai ce bani da ko wuri, kakanninmu da shi suka sayi hatsi suka biya sadaki, ana ƙirga shi zambar zambar, guda 20,000 kuma a ce keso ɗaya. Abin da mutane da yawa basu sani ba shi ne mafi yawan wurin da aka kashe a ƙasar Hausa daga tekun Indiya ya fito, musamman tsibiran Maldib dake kudu maso yammacin Indiya, waɗanda mutanensu Musulmi ne, matafiyin nan Ibn Battuta ya zauna can har yayi alƙalanci a ƙarni na 14, ya ga yadda ake tara wurin, ya kuma zo ya tarar ana ciniki dashi a Mali da Gao. Kenan wurin dake jakarki da wanda kakar Hajiya ta ƙulla a bakin zane hanyarsu ɗaya.

Ba zan ɓoye miki ba, mafi yawan Lambani addinin Hindu suke bi, suna girmama wani jagoransu Sevalal da suke bikin haihuwarsa duk 15 ga Fabrairu, akwai kuma Banjara Musulmi musamman a arewacin Indiya. A al'adarsu wuri alamar arziki ne, madubi kuma tsofaffinsu na cewa yana mayar da kambun baka yana kuma firgita namun daji in rana ta haska shi a tafiya. Wannan imaninsu ne, ke ba don shi kika rataya ba, ado kika gani kika so, kuma kayan da ake yi don kasuwa ado ne ake nufi dasu. In zuciyarki bata kwanta ba ki kai wa malamin da kuka yarda dashi ya gani da idonsa, hukunci nasu ne ba nawa ba. Ta ɓangaren Hajiya kuwa kar ki tsaya musu da ita, ki bari maigidan ya mata bayani cikin ladabi tunda shi ya sayo, in har yanzu hankalinta bai kwanta ba ki sa reza a hankali ki warware wurin kaɗai ki adana, a kan zare daban ake ɗinka su basa taɓa sauran aikin, jakarki na nan da kyanta. Ƙonawa dai kar ki yi, wata baiwar Allah ta zuba idonta da kwanakinta a ciki.

Tambaya: Anti ya zan gane na hannu da na inji, kuma ya ake wankewa? Tawa ta fara datti a hannu. Daga Maman 'yan biyu, Kumasi.

Amsa: Maman 'yan biyu juya cikinta zaki yi, in akwai shafi ki ɗan leƙa ta inda ya buɗe. Na hannu zaki ga ƙulli nan da can, tsawon ɗinki bai zama ɗaya ba, wani layin ya ɗan karkace, na inji kuwa bayansa sumul yake da farin zaren ƙasa yana bin ko'ina, wani lokacin har da 'yar takardar nan da ake liƙawa. Ki ƙwanƙwasa madubin da farce, na gilas yana da sanyi da ƙara, na roba yana lanƙwasa, in kuma kika ga zoben da ya zagaye madubin duk girmansu ɗaya kamar an buga da hatimi toh zoben kanti ne aka ɗora. Kuɗin ma yana faɗa miki, aikin kwanaki baya zuwa a farashin jakar leda.

Wanki kuma kar ki kusanci injin wanki da ita, kar ki jiƙa ta kwana, kar ki sa bilic ko omo mai ƙarfi. Ki fara gwada jan da shuɗin da jiƙaƙƙen farin ƙyalle ki gani ko suna zuba, in suna zuba toh goge wurin dattin kaɗai zaki yi da ɗan sabulu mai laushi da tsohon buroshin haƙori. In basa zuba ki sa ta a ruwan sanyi ki ɗan mammatsa da tafin hannu, banda cuɗawa banda murɗawa saboda madubin na iya fashewa ya yanke zaren dake riƙe dashi, ki naɗe ta cikin tawul ya tsotse ruwan sannan ki shimfiɗa a inuwa, in akwai sulalla ko ƙarfe a jiki ki goge su su bushe da wuri kar su yi tsatsa su ɓata ƙyallen. Guga ta baya ake yi a kan tawul, wuta kaɗan. Da damina kuma kar ki kulle ta a leda, ki sa ta cikin tsohuwar rigar filo ta auduga ki ajiye inda iska ke shiga.